IndoVac: Yadda Indonesiya ta nemi fita daga hukuncin larura

A tsakiyar watan Maris na 2021, Majalisar Malaman Indonesiya, wadda ake taƙaita sunanta da MUI, ta fitar da fatawa a kan allurar rigakafin korona ta kamfanin AstraZeneca. Hukunci biyu fatawar ta ƙunsa. Na farko, allurar haramun ce, domin an yi amfani da wani sinadari da aka ciro daga jikin alade a wani mataki na sarrafa ta. Na biyu, ya halatta a yi wa mutane ita a halin da ake ciki, domin annoba tana kisa, allurar da aka tabbatar da tsarkinta ba ta wadata ba, kuma gwamnati ba ta da ikon zaɓar wadda take so a kasuwar duniya. Ga wanda ya zauna gaban malami ya karanta fiƙihu, babu karo tsakanin hukuncin biyu. Babin larura ne, kuma tsohon babi ne. Amma ga uwar da ke wani ƙauye a tsibirin Sumatira, wadda labarin ya iske ta a waya bayan ya bi ta hannu goma, kalma ɗaya ce ke isa kunnenta da ƙarfinta, ita ce "haram". Sauran bayanin a hanya yake zubewa.

Bayan wata 19, ranar 13 ga Oktoba 2022, shugaban ƙasar na lokacin, Joko Widodo, ya je masana'antar Bio Farma da ke birnin Bandung ya ƙaddamar da IndoVac, allurar korona da aka sarrafa a cikin ƙasar, wadda kuma ta fito da takardar shaidar halal a hannu. An yi ta ba da labarin a matsayin nasara biyu, wato ga allura ta gida, ga ta kuma halal. A ganina ba biyu ba ne, abu ɗaya ne. Ƙasar da ba ta da ikon shiga cikin masana'anta ta faɗi abin da za a zuba a tukunya da abin da ba za a zuba ba, ba ta da yadda za ta yi wa jama'arta alƙawarin halal. Iyakarta ta karɓi abin da aka ba ta, malamanta kuma su nema mata mafita a babin larura.

Kafin a yi nisa, akwai tambayar da ya kamata a amsa: me ya kai alade cikin maganar allura tun farko? Ƙwayar cutar da ke haddasa korona, kamar sauran irinta, ba ta hayayyafa ita kaɗai, sai ta shiga cikin ƙwayar halitta mai rai. Don haka masu yin allura sukan raini ƙwayoyin halittar dabba a ɗakin gwaje-gwaje, su yawaita su, sannan su sa musu ƙwayar cutar. Waɗannan ƙwayoyin halitta suna manne wa jikin mazubin da ake rainonsu a ciki, kuma idan ana son a ɓamɓare su a kai su mazubi mafi girma, sai a zuba musu wani sinadari mai suna tiripsin, wanda ke warware abin da ya liƙe su. Shekaru da dama, tiripsin mafi sauƙin samu shi ne wanda ake cirowa daga kayan cikin alade. Akwai kuma jelatin, wanda ake dafowa daga fata da ƙashin dabba, ana sa shi a wasu allurai don kada zafi ko daɗewa su lalata su. Bambancin su biyun yana da muhimmanci. Jelatin yana nan a cikin kwalbar, yana shiga jikin mutum. Tiripsin kuwa aikinsa a farkon tafiya yake, ana wanke shi, ana tace ruwan sau da yawa, har a kai matsayin da na'ura ba ta iya gano shi. Da wannan ne AstraZeneca ya kare kansa, ya ce babu wani abu na alade a cikin allurar da ke isa hannun ma'aikacin lafiya.

Ta fuskar kimiyya maganar kamfanin tana kan hanya. Saɓanin ba a nan yake ba, a fiƙihu yake, kuma ya girmi korona da ɗaruruwan shekaru.

Malamai suna da mas'ala da suke kira istihala, wato abu ya sauya daga zatinsa ya koma wani abu daban, har sunansa da siffarsa su canza. Misalin da kowa ya yarda da shi shi ne giya idan ta rikiɗe da kanta ta zama ruwan tsami, to ta tsarkaka. Hanafiyya da Malikiyya sun faɗaɗa wannan ƙa'ida, suna ganin najasar da ta rikiɗe gaba ɗaya ta bar hukuncinta na da. Akwai kuma 'yar uwarta, istihlaki, wato ɗigon najasa ya nitse cikin ruwa mai yawa har ya zama babu launinsa, babu warinsa, babu ɗanɗanonsa. A kan irin wannan fahimta ne wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwaiti a 1995 ya yanke cewa jelatin da aka samo daga dabba mai najasa ya tsarkaka saboda rikiɗewar da ya yi. A watan Disamba na 2020 ma, majalisar fatawa ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙarƙashin Shehu Abdullahi bin Bayya, ta halatta alluran korona ko da a ce akwai jelatin na alade a cikinsu.

Indonesiya kuwa ƙasar Shafi'iyya ce, kuma mazhabar Imamu Shafi'i ta taƙaita istihala a wurare kaɗan, kamar ita giyar da kuma fatar mushe idan an jeme ta, ban da ta kare da alade. Bayan wannan, MUI ta daɗe da tsayawa a kan wata ƙa'ida: ba ta kallon abin da ya rage a kwalba kawai, tana kallon ko an ci moriyar alade a ko'ina cikin aikin. In an ci, to magana ta ƙare, ko da na'ura ba ta ga komai ba. Mutanen ƙasar sun san wannan matsayi tun kafin a fara jin sunan korona. A farkon 2001 sai da kamfanin Ajinomoto ya janye sinadarin ɗanɗanon abincinsa daga kasuwannin ƙasar, saboda an gano cewa a abincin da ake raino ƙananan halittun da ke samar da shi an yi amfani da wani abu da aka sarrafa da sinadarin alade. Babu alade a cikin ƙunshin da ake sayarwa, amma hakan bai hana fatawa ba. Ita kanta cibiyar binciken abinci da magunguna ta MUI, wato LPPOM, an kafa ta ne a 1989, bayan ruɗanin da ya tashi a 1988 kan zargin kitsen alade a wasu kayan abinci.

Ba duk malaman ƙasar ne ke kan wannan tsauri ba. A watan da fatawar AstraZeneca ta fito, manyan malamai a lardin Java ta Gabas, cibiyar babbar ƙungiyar Musulmin ƙasar mai suna Nahdlatul Ulama, sun ce su a wurinsu allurar halal ce kai tsaye, ba sai an jingina da larura ba. Ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ta fi sauƙi ga talaka. Amma wanda zai tsara lafiyar mutum sama da miliyan 270, waɗanda kusan kashi 87 cikin 100 Musulmi ne, ba zai zauna jiran ranar da malamai za su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Dole ya yi aiki da fatawar da mutane suke ji, kuma wadda dokar ƙasa ta ba wa matsayi.

Abin da ya sa hukumomin lafiyar ƙasar ba sa wasa da wannan magana shi ne abin da ya faru a 2018. Gwamnati ta shirya yi wa yara allurar ƙyanda da rubela kashi biyu. Kashi na farko, a tsibirin Java a 2017, ya tafi lafiya, an cimma adadin da ake nema. Da aka zo kashi na biyu a sauran tsibirai a watan Agusta na 2018, sai tambaya ta tashi kan halaccin allurar, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ke yi. MUI ta fitar da fatawa mai lamba 33 ta wannan shekara, da irin hukuncin nan mai fuska biyu: haramun ce, amma ya halatta saboda larura, tunda babu wata. Shugaban majalisar a lokacin shi ne Ma'ruf Amin, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Niyyar fatawar ita ce a buɗe wa iyaye ƙofa, amma a wurare da yawa rufewa ta yi. Iyaye suka hana 'ya'yansu, wasu makarantu suka ƙi karɓar ma'aikatan lafiya, kuma a lardin Aceh an kai watanni adadin yaran da aka yi wa allurar bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Rubela cuta ce da ba ta cika wahalar da yaro ba, amma idan ta kama mai ƙaramin ciki tana iya sa a haifi jariri kurma, ko makaho, ko mai ciwon zuciya. Waɗannan jarirai su ne suka ɗauki nauyin tazarar da ke tsakanin abin da malamai suka rubuta da abin da jama'a suka ji. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin babu wanda ya nufi sharri a cikin lamarin, amma cutarwar ta auku.

Saboda haka da korona ta zo, gwamnati ta yi taka-tsantsan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin a fara yi wa kowa allurar Sinovac ta ƙasar Sin, sai da masu binciken halal suka tafi har masana'antar a Beijin a ƙarshen 2020, suka duba kayan aiki da takardu. A watan Janairu na 2021 MUI ta ce allurar halal ce kuma mai tsarki, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, BPOM, ta ba da izinin amfani na gaggawa ranar 11 ga wata, sannan ranar 13 aka yi wa shugaban ƙasa ita a gaban kyamara. An jera matakan ne da gangan. Sai dai wannan ya yiwu ne domin kamfanin ya yarda ya buɗe ƙofarsa. Kamfanin da duniya ke layi a bakin ƙofarsa, ko allurar da ta zo ta hanyar tallafi, ba lallai ne a samu wannan dama ba.

Akwai wani abin lura da bai kamata a tsallake ba. A watan Satumba na 2020 ma'aikatar lafiyar ƙasar, tare da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta yi wani bincike da ya ji ra'ayin mutum sama da 115,000. Kusan kashi biyu cikin uku sun ce za su karɓi allurar. A cikin masu ƙi da masu ɗari-ɗari, dalilin da ya fi yawa shi ne tsoron ko allurar tana da illa, sai shakkar ko tana aiki. Dalilin addini yana can ƙasa, bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Wannan yana nuna cewa tambarin halal ba shi ne maganin duk wata shakka ba, kuma kuskure ne a riƙa kallon Musulmin ƙasar kamar ba su da wata tambaya sai ta alade. Amma kaso kaɗan a ƙasa mai wannan yawa miliyoyin mutane ne, kuma ba a warwatse suke ba, a tattare suke a wasu larduna da garuruwa. Cuta mai yaɗuwa ba ta duba matsakaicin lissafin ƙasa, inda ta samu gari guda da ba a yi rigakafi ba nan take sauka.

Daga nan maganar ta shiga kotu. Wata gidauniya ta masu sayen kaya Musulmi, YKMI, ta ƙalubalanci dokar shugaban ƙasa kan sayen alluran korona, kuma a watan Afrilu na 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wajibi ne gwamnati ta ba Musulmi kariya da tabbaci kan halaccin allurar da ake yi musu. Kotun ta dogara da dokar tabbatar da kayan halal, mai lamba 33 ta 2014. Hujjar masu ƙara tana da tushe a cikin fatawowin da kansu. Ƙa'idar fiƙihu ta ce larura tana halatta abin da aka hana, amma tana da 'yar rakiya: ana auna larura gwargwadonta, kuma idan uzuri ya gushe, hukuncin asali ya dawo. Fatawar 2018 da ta 2021 duk sun ɗora wa gwamnati nauyin neman allura mai tsarki, sun kuma ce izinin ya faɗi da zarar an same ta. Ke nan larura rumfa ce ta fakewa kafin ruwa ya ɗauke, ba gidan zama ba. Ƙasar da ta shekara goma tana fakewa da larura ba tare da ta motsa ba, akwai abin da za a tambaye ta.

Ɗaya ɓangaren labarin, na dogaro da kai, shi ma yana da tarihinsa. A 2007, lokacin da murar tsuntsaye ke kashe mutane a Indonesiya fiye da ko'ina, ministar lafiya Siti Fadilah Supari ta dakatar da aika samfurin ƙwayar cutar ga cibiyoyin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙorafinta shi ne ƙasa matalauciya ta ba da samfuri kyauta, kamfanoni su yi allura da shi, sannan su sayar a farashin da ita ba za ta iya saya ba. An soke ta sosai a lokacin, amma rigimar ce ta haifar da yarjejeniyar 2011 kan raba samfurin mura da raba amfanin da ke fitowa daga gare shi. A 2021 abin da ta ji tsoro ya faru a idon kowa. Ƙasashe masu arziki sun riga sun kama yawancin alluran farko. Da annoba ta tsananta a Indiya, sai ta tsayar da fitar da allura waje, kason da Indonesiya ke jira ta COVAX, shirin raba alluran korona ga ƙasashen duniya, ya makara. A watan Yuli nau'in korona mai suna Delta ya afka wa ƙasar, aka samu ranar da sababbin masu kamuwa suka haura 56,000, da ranar da mamata suka haura 2,000, iskar numfashi ta yi ƙaranci a asibitocin Java. Duk wanda ya ga wannan wata ba sai an yi masa dogon bayani ba kan cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma ƙasar tana da gatarin, ba ma guntu ba. Bio Farma ya samo asali ne daga wata cibiya da Turawan Holan suka kafa a 1890 don yin allurar agana, aka mayar da ita Bandung a 1923. Yau kamfani ne na gwamnati, yana cikin manyan masu samar da maganin rigakafin shan inna na ɗigawa a baki a duniya, kayansa suna zuwa ƙasashe sama da 150. Sabon nau'in maganin shan inna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba izinin gaggawa a watan Nuwamba na 2020 daga wannan masana'anta ya fito. Amma a shekarar farko ta rigakafin korona, aikin Bio Farma bai wuce karɓar ruwan allurar Sinovac daga Sin ya ƙarasa shi ya ɗura a kwalabe ba. Aiki ne mai amfani, ya ceci rayuka, sai dai mai ɗurawa ba shi ke da girki ba.

IndoVac ta bi wata hanya dabam, kuma a nan ne maganar halal da maganar fasaha suka haɗu. Ba a rainon ƙwayar cutar korona a cikinta sam. Abin da ake buƙata shi ne ɗan guntun furotin da ke kan ƙayar da ƙwayar cutar ke kama jikin mutum da ita. Sai a ɗauki bayanin halittar wannan guntu a dasa shi cikin wani nau'in yis, ɗan uwan wanda ake kumbura burodi da shi, a zuba yis ɗin a manyan tankuna ana ciyar da shi, shi kuma yana fitar da furotin ɗin. Daga nan a tace, a haɗa da sinadaran da ke zaburar da garkuwar jiki, a ɗura. Idan aka yi wa mutum, jikinsa ya ga guntun ya haddace kamanninsa, ranar da ainihin cutar ta zo ya gane ta. Yis ba ya manne wa mazubi, yawo yake cikin ruwa, saboda haka babu buƙatar tiripsin. Ba ya buƙatar ruwan jinin dabba don ya girma. Babu ƙwayar halittar dabba ko ta ɗan Adam a tsakiyar aikin. Yawancin tambayoyin da suka ɗaure wuyan sauran allurai ba su ma taso ba, tun ran gini tun ran zane. Halal a nan ba tambari ba ne da aka nemo bayan an gama aiki, zaɓi ne da aka yi a ranar farko.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Da irinta ake yin allurar ciwon hanta nau'in B tun cikin shekarun 1980, kuma allurar tana zama lafiya a firiji na yau da kullum, tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Selsiyas, ba sai an daskarar da ita a matsanancin sanyi ba. Ga ƙasa mai tsibirai kusan 17,000, inda wani wurin sai an yi kwana a jirgin ruwa kafin a isa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Takardar halal ɗin ma tana da matakanta. Masu bincike su shiga masana'anta su bi diddigin kowane abu da ya taɓa allurar, tun daga abincin yis har mayukan wanke bututu, su duba ko ana raba kayan aiki da wani samfurin da ya taɓa najasa. Su kai rahoto gaban kwamitin fatawa na MUI, malamai su yanke hukunci, sannan hukumar gwamnati mai suna BPJPH ta ba da takardar. IndoVac ta samu tata a watan Yuli na 2022. Izinin amfani kuwa daga BPOM ya fito a watan Satumba, bayan gwaji mataki uku, na ƙarshen da mutum sama da 4,000. Ƙofa biyu ce daban, kuma dole a riƙa maimaita haka. Malami ba ya cewa allura tana aiki, likita ba ya cewa tana da tsarki. MUI da kanta takan jingina halaccin amfani da allura ga sharaɗin cewa masana sun tabbatar ba ta cutarwa. Ranar da aka fara sayar da tambarin halal a matsayin shaidar inganci, an yaudari mutane da sunan addini.

Haka nan kishin ƙasa ba ya maye gurbin gwaji, kuma Indonesiya ta ga misalin haka. Tsohon ministan lafiya Terawan Agus Putranto ya jagoranci wata allura da aka kira Nusantara, 'yan siyasa da dama suka goyi bayanta da sunan kayan gida, amma a 2021 BPOM ƙarƙashin Penny Lukito ta ƙi amincewa a ci gaba da gwajinta saboda kurakuran da ta gani a matakin farko. Ta sha matsin lamba, ta tsaya a kan bakanta. Ina ganin wannan ƙin yana cikin abin da ya ba izinin IndoVac daraja daga baya, domin mutane sun ga hukumar tana iya cewa a'a.

To, yaya zamanta ta gida yake? Gaskiya ita ce irin da aka shuka daga Amurka ya zo. Masana a kwalejin likitanci ta Baylor da asibitin yara na Teksas, ƙarƙashin Peter Hotez da Maria Elena Bottazzi, su suka samar da yis ɗin da aka yi wa dashe da kuma hanyar sarrafa shi, suka ba masu sarrafawa a ƙasashe masu tasowa ba tare da sun killace fasahar ba. Daga tushe ɗaya Indiya ta yi tata allurar, Corbevax. Ɗaya daga cikin sinadaran zaburar da garkuwar jikin ma na kamfanin Dynavax ne na Amurka. Shi ya sa Bio Farma bai ce kashi 100 na gida ba ne, kimanin kashi 80 ya ambata. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin naƙasu, ni ban gan shi haka ba. Babu ƙasar da ke yin allura daga farko har ƙarshe ba tare da ta ari ilimi ko ta sayi kaya daga waje ba. Abin tambaya shi ne a hannun wa tankin yake, wa ya san sirrin girkin, wa zai iya ƙara yawan abin da ake fitarwa ba tare da ya nemi izini ba, kuma wa zai iya buɗe wa mai binciken halal kowace ƙofa. Wadda ta fi kusa da zama ta gida tun daga tushe ita ce Inavac, wadda Jami'ar Airlangga da ke Surabaya ta haɗa da kamfanin Biotis, daga ƙwayar cutar da aka samo a jikin majinyaci a ƙasar. MUI ta ce halal ce tun watan Fabrairu na 2022, izinin amfani ya biyo baya a watan Nuwamba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta lokaci. Ranar da aka ƙaddamar da IndoVac, mutum sama da miliyan 200 a ƙasar sun riga sun karɓi allura ta farko, dukansu da alluran da asalinsu na waje ne. Annobar da ta kashe 'yan ƙasar sama da 150,000 ta riga ta yi mafi yawan ɓarnarta. An ce masana'antar za ta fitar da allura miliyan 20 a shekarar farko, ta ninka a ta biyu, amma masu zuwa karɓa suna ta raguwa. Shugaba Widodo ya karɓi allurar ƙari da IndoVac a watan Nuwamba na 2022 don ya ja hankalin jama'a. A ƙarshen Disamba aka ɗage dokokin taƙaita zirga-zirga, a watan Yuni na 2023 gwamnati ta ce an fita daga matakin annoba. Mai cewa ihu ne bayan hari yana da abin faɗa, kuma ba na jin ya dace a rufe masa baki da bikin ƙaddamarwa.

Sai dai wannan suka tana auna allurar ne da annobar da ta wuce. Abin da ƙasar ta samu ba kwalabe ba ne kawai. Ta samu ma'aikatan da suka ɗauki fasaha daga ƙaramin mazubi suka kai ta babban tanki, jami'o'in da suka gudanar da gwaji a kan dubban mutane, hukumar da ta tantance samfurin da babu wata babbar hukuma a waje da ta riga ta tantance mata, da masu binciken halal da suka koyi bin diddigin irin wannan aiki. Irin wannan ilimi a hannun mutane yake zama, kuma yana tafiya idan aka bar su ba aiki. Nan ne haɗarin yake. Masana'antar allura ba rijiya ba ce da za a rufe a dawo bayan shekara goma a tarar da ruwa. In babu mai saye a lokacin lafiya, tankuna za su tsaya, ƙwararru su watse. Allurar gida sau da yawa ta fi ta manyan kamfanonin Indiya da Sin tsada a farko, kuma ma'aikatar kuɗi ba ta cika son jin dalilin biyan ƙari ba idan babu annoba a ƙofa.

Akwai alamun cewa ba a tsaya nan ba. A watan Fabrairu na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Indonesiya cikin ƙasashen da za a koya wa sabuwar fasahar allura ta mRNA, wadda ke ba jiki umarnin ya samar da furotin ɗin da kansa, Bio Farma ne kuma zai karɓa. Dokar halal ta ƙasar ma tana tafiya mataki-mataki, ta fara da abinci da abin sha, wa'adin magungunan da sai da takardar likita ake sayarwa ya kai 2034. An ba da wannan dogon lokaci ne domin sauya abu ɗaya a hanyar sarrafa magani, ko da maye gurbin tiripsin na alade ne da wanda ƙananan halittu ke samarwa, yana nufin sake gwaji da sake neman izini. Gwajin gaskiya ba a korona yake ba, yana kan alluran yara na yau da kullum, irin ta ƙyanda da rubela, waɗanda har yanzu sai an raini ƙwayar cuta a cikin ƙwayar halitta mai rai kafin a yi su, kuma dabarar yis ba ta aiki a kansu. A farkon 2023 ma'aikatar lafiyar ƙasar ta sanar da cewa masu kamuwa da ƙyanda a 2022 sun haura 3,000, ninkin-ba-ninkin na shekarar da ta gabata, bayan shekaru biyu da annoba ta hana iyaye da yawa kai yaransu rigakafi.